SAUTUN SANDAR GOLF ZUWA BAUCI: A SAN HANNUN MAI BUGU KAFIN A BIYA KUƊI

Duk ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san nauyin sautu. Da zarar labari ya kai gida cewa kana shirin zuwa hutu, sai saƙo ya yi ta shigowa, wannan yana son yadi, wancan yana son agogo, wata kuma tana son atamfa irin wadda ba ta iso kasuwar Wunti ba tukuna. To, a cikin sautun da ke fitowa daga Bauci akwai wani wanda yakan rikita 'yan'uwa. Sai yayanka ko tsohon maigidanka, watakila ma'aikacin gwamnati ne ko soja mai ritaya, ya bugo waya ya ce ka sayo masa direba.

Ba direban mota yake nufi ba. Direba ita ce sanda mafi tsawo, mafi girman kai, kuma galibi mafi tsada a cikin sanduna 14 da dokar wasan golf ta yarda ɗan wasa ya ɗauka a jakarsa. Da ita ake yin bugun farko a dogayen ramuka. Sabuwa fil ta manyan kamfanoni, irin su Callaway da TaylorMade da Ping da Titleist, ta kai dala 600 a Amurka a 2024. A shekarar 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, watau ke nan sanda guda ta haura naira dubu 900 tun kafin a sa kuɗin dako da ribar mai shago. Wanda zai kashe irin wannan kuɗi, nasa ne ko amana aka ba shi, lalle ya kamata ya san abin da yake saye.

Wannan bayani domin matsakaicin ɗan wasa muka yi shi, ko wanda ke gida ya aiko, ko kuwa kai kanka da ka koyi wasan a Kudu kana shirin komawa Bauci da jakarka.

WANE NE MATSAKAICIN ƊAN WASA?

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Cikakken zagaye ramuka 18 ne, kuma an ƙayyade yawan bugun da gwani zai yi ya gama su, galibi 72. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Domin gwani da ɗan koyo su iya karawa, sai aka ƙago rangwame, abin da 'yan wasa ke kira handikaf. Mai rangwamen 15 ana yafe masa bugu kamar 15 a zagaye. Tun shekarar 2020 aka fara aiki da tsarin rangwame guda ɗaya na duniya, wanda iyakarsa 54.

Matsakaici shi ne mai rangwame daga wajen 10 zuwa 20. Ya wuce ɗan koyo, amma bai kai gwani ba. Yakan gama zagaye da bugu 85 ko 90 da 'yan kai. Ran da hannunsa ya yi daɗi sai ka ɗauka ƙwararre ne, kashegari kuwa ka same shi a cikin ciyawa yana neman ƙwallo shi da yaron da ke ɗaukar masa jaka.

A nan ne maganar take. A fili mai ramuka 18 akan sami gajeru kamar huɗu da ba a bukatar direba, saura 14. In ƙwallo ya fita iyakar fili, ko ya ɓace ba a gan shi cikin minti uku ba, kamar yadda dokar da aka gyara a 2019 ta tanada, to ɗan wasa zai koma inda ya buga, a ƙara masa bugu ɗaya na tara, bugunsa na gaba ya zama na uku. Kuskure guda ya ci bugu biyu ke nan. Wanda ya yi haka sau uku a zagaye ya yi asarar shida. Ƙarin nisan yadi goma kuwa da kyar ya rage masa bugu ɗaya ko biyu. Saboda haka abin da matsakaicin ɗan wasa zai nema ga sabuwar direba shi ne ta riƙa ajiye masa ƙwallo a kan hanya. Nisa yana biye.

DAGA ITACE ZUWA ƘARFE

Wasan ba baƙo ba ne a ƙasar Bauci. Kulob ɗin Rayfield na Jos, wanda Turawan haƙar kuza suka kafa a 1913, yana cikin mafi daɗewa a Nijeriya, kuma sai a 1926 ne aka cire ƙasar Jos daga Lardin Bauci aka yi Lardin Filato. A Kudu kuma, 'yan'uwa da suka daɗe a Ikko za su tuna zamanin da ƙwararrun Turai ke zuwa Buɗaɗɗiyar Gasar Nijeriya, wadda galibi ake yi a filin Ikoyi. Sandy Lyle ya ci ta a 1978, Peter Tupling ya gama zagaye huɗu da bugu 255 kacal a 1981, Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji ya ɗauke ta a 1988 da 1989.

A shekarun 1970 kan direba na itace ne, ɗan ƙarami, wanda in ba ka sami ƙwallo da tsakiyarsa ba sai wani ikon Allah. A 1979 ne Gary Adams ya kafa kamfanin TaylorMade a Amurka ya fito da kai na ƙarfe. A 1991 Callaway ya fito da Big Bertha mai babban kai, a 1995 kuma ya biyo da na titaniyam, wani ƙarfe marar nauyi amma mai ƙwari. Daga nan kawuna suka yi ta girma, fuskarsu tana ƙara sirancewa har tana cilla ƙwallo kamar danƙo.

Da masu tsara dokar wasan suka ga haka, watau hukumar R&A ta Saint Andrews a Sikotilan da hukumar USGA ta Amurka, sai suka taka birki. Suka ƙayyade girman kai kada ya wuce sisi 460, irin ma'aunin da ake auna injin babur da shi. Suka kuma ƙayyade ƙarfin cillawar fuska, kuma tun 2008 wannan iyaka ta hau kan kowa a duniya.

Mai saye ya riƙe wannan da kyau, domin a nan kuɗinsa zai tsira. Dukan manyan kamfanoni sun daɗe da isa bakin wannan iyaka. Direbar bana ba ta da ikon cilla ƙwallo fiye da abin da doka ta yarda, haka ma ta shekara huɗu ko biyar da suka wuce. Abin da ake ta gyarawa yanzu shi ne yafiya, watau yadda sanda za ta rage ɓarnar bugun da bai sami tsakiya ba.

FUSKAR SANDA

Abu na farko da za a duba shi ne kwanciyar fuska. In ka ajiye kan direba a ƙasa za ka ga fuskar ta ɗan kishingiɗa baya. Ana auna wannan da digiri, kuma a rubuce yake a ƙasan kai: galibi 9 ko 10.5 ko 12. Gwargwadon kwanciyar fuska, gwargwadon tashin ƙwallo sama.

A nan girman kai yakan cuci mutane. Sai ka ji ana cewa 9 ta mazaje ce, 12 ta tsofaffi. Amma ƙwararrun Amurka da ake gani a talabijin, kan sandarsu yana gudun fiye da mil 110 a sa'a lokacin da ya sami ƙwallo, kuma matsakaicin nisansu ya kai yadi 300. Ɗan wasa na yau da kullum gudun sandarsa mil 90 ne da 'yan kai, nisansa bai cika wuce yadi 220 ba. Mai irin wannan hannu in ya ɗauki 9, ƙwallon ba zai tashi ya daɗe a sama ba, zai faɗo da wuri. Daɗin daɗawa, fuskar da ba ta kwanta sosai ba takan ƙara fito da baudewar ƙwallo zuwa gefe. Ga yawancin matsakaitan 'yan wasa 10.5 ita ce mafari, wanda kuma shekaru suka fara ja, ko hannunsa ba sauri, kada ya ji kunyar 12.

ƘOTA

Manomi ya san ruwan fartanya komai kyansa, in ƙota ba ta yi daidai da mai noma ba, bayansa ne zai gaya masa. Haka abin yake a nan. Abu uku ake dubawa ga ƙotar direba: taurinta, nauyinta da tsawonta.

Ana rubuta tauri da harafi a jikin ƙota. L ita ce mafi laushi, sai A, sai R, sai S, sai X mafi tauri. Ma'aunin da aka saba bi shi ne, mai gudun sanda mil 85 zuwa 95 ya ɗauki R, mai 95 zuwa 105 ya ɗauki S, wanda bai kai 85 ba ya gwada A. Sai dai babu wata doka da ta daidaita haruffan nan tsakanin kamfanoni, S ɗin wani kamfani tana iya zama R ɗin wani. Ƙotar da ta fi ƙarfin mutum takan sa ƙwallo ya tafi ƙasa-ƙasa ya zame dama ga mai bugu da hannun dama. Wadda ta yi masa laushi ƙwarai kuma takan sa ya kasa sanin inda kan sanda yake. Game da nauyi, giram 50 zuwa 60 ya wadatar da yawancin mutane.

Tsawo shi ne abin da aka fi mantawa. Yawancin direbobin da ke shago inci 45 da rabi ne ko fiye, domin doguwar ƙota tana ƙara gudu. Amma tana kuma ƙara wahalar samun tsakiyar fuska, shi ya sa ƙwararru da dama suke amfani da wadda ba ta kai ta shago tsawo ba. Kafin ka kai a yanke, gwada sauko da hannunka inci ɗaya a kan mariƙi ka buga goma. In ka ga sun fi miƙewa, to ka sami amsa. In an yanke, kan zai ji kamar ya rage nauyi a hannu, sai mai gyara ya manna ɗan faifan dalma ya mayar da shi daidai.

KAI MAI YAFIYA

Kusan kowane kamfani yakan fitar da kai iri biyu ko uku a shekara, duka kuɗinsu kusan ɗaya. Akwai mai nauyi a gaba, wanda ke rage juyawar ƙwallo a iska. Wannan na gwanaye ne masu saurin hannu, ba ya yafe kuskure. Akwai mai nauyi can baya, wanda ba ya saurin murɗewa in ƙwallo ya sami gefen fuska. Sau da yawa za ka ga an rubuta Max a jikinsa, kamar Ping G430 Max 10K da TaylorMade Qi10 Max da suka fito a 2024. Wannan shi ne abokin matsakaicin ɗan wasa. Sa'an nan akwai wanda aka tara nauyinsa wajen dunduniya, kusa da inda ƙota ta shiga, domin taimakon wanda ƙwallonsa kullum ke lanƙwasawa dama, ciwon da ya fi kowane yawa a tsakanin 'yan wasa.

Yawancin direbobin zamani suna da wuya mai kwancewa da ɗan makulli, wanda za a iya ƙara kwanciyar fuska ko a rage da digiri ɗaya ko biyu. Ga mai sayen sautu wannan gata ne babba, domin in ka ɗan kuskure, mai sanda zai iya gyarawa da kansa. Amma a sani, doka ta hana juya shi a tsakiyar zagaye. Kafin a fara ake yi.

IKKO DABAM, BAUCI DABAM

Yanzu ga abin da mai shago a Ikko ba lalle ya gaya maka ba, domin bai san ƙasarmu ba. Ikko tana bakin teku, ruwa yana sauka watanni da yawa, ƙasa tana da taushi. Ƙwallo inda ya faɗi nan yake tsayawa, ko ya ɗan gangara kaɗan. A can duk nisan da za ka samu a sama za ka same shi.

Bauci kuwa tana kan tudu, wajen mita 600 sama da teku, Jos kuma ta ninka haka. Iskar tudu ba ta kai ta bakin teku kauri ba, saboda haka ƙwallo yakan ɗan ƙara nisa. Amma babban bambanci a ƙasa yake. Daga wajen Nuwamba har zuwa Afrilu ba ruwa, ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙwallo in ya sauka sai ya yi tsalle ya ci gaba da gudu. Wannan yakan ruɗi mutum ya ce ai a Bauci sanda mai kai ƙwallo ƙasa-ƙasa ita ce daidai, tun da ƙasa za ta ƙarasa aikin.

A yi hattara. Ƙasar da ke ƙara wa miƙaƙƙen bugu yadi talatin, ita ce kuma ke ƙara wa karkataccen bugu yadi talatin, sai dai shi cikin daji zai ƙarasa. Ƙwallon da a Ikoyi zai tsaya a gefen hanya, a Bauci da rani sai ya gangara ƙarƙashin itace ko cikin duwatsu. Ke nan busasshiyar ƙasa ta ƙara wa miƙewa daraja. Bayan haka damina tana tafe. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta, ƙasa za ta jiƙe, ciyawa ta tashi, gangarawa ta ƙare, wanda ya sayi 9 domin rani ya koma yana buga gajere.

Dabarar ita ce a sayi 10.5 mai wuya mai kwancewa. Da damina a ɗaga ta zuwa 11.5 ko 12. Lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kaɗawa daga arewa maso gabas tana tare ƙwallon da ya yi sama da yawa, sai a mayar da ita inda take. Sanda ɗaya ta yi aikin biyu.

SABUWA, TA HANNU, KO JABU

Tun da mun ga doka ta daidaita ƙarfin cillawa, babu abin kunya ga sayen ta hannu, wadda 'yan Kudu ke kira tokumbo. Direba mai shekara uku ko huɗu, in ba ta da rauni, takan zo da rabin kuɗin sabuwa ko ƙasa da haka. Sai dai a duba ta a cikin haske. A nemi tsaga a fuska da saman kai, ko da siririya ce kamar gashi. A girgiza a ji ko wani abu yana ƙara a ciki. A duba wuya ko ƙota tana motsi. A shafa ƙotar daga sama har ƙasa, musamman inda bakin jaka ke goga ta. Mariƙi in ya sulɓe ba matsala ba ce, canza shi ba tsada. A kuma tabbata an haɗo da makullin wuya da hular kai.

Jabu shi ne babban haɗari, domin ana kwaikwayon sandunan manyan kamfanoni ƙwarai. In aka yi maka tayin sabuwa a leda da rubu'in kuɗinta, ka tuna araha ba ta ado. Alamun jabu su ne fenti da ya zarce layi, rubutu da bai daidaita ba, warin roba mai ƙarfi a mariƙi. Titaniyam ba ya kama maganaɗisu, saboda haka in an ce fuskar titaniyam ce ka ga maganaɗisu ya manne mata, akwai zance. Ya fi kwanciyar rai a saya a shagon kayan wasa na kulob sananne, inda in abu ya ɓaci akwai wanda za a koma wa.

GWAJI, DA TAMBAYOYIN MAI SAUTU

In kai ne mai wasan, kada ka biya sai ka buga. In ka sami inda ke da na'urar auna bugu, wadda ke nuna gudun sanda da tashin ƙwallo da juyawarsa, to madalla. In babu, ga hanya mai sauƙi. Ka tafi da tsohuwar sandarka da sababbi biyu ko uku. Ka shafa ɗan alli ko hoda a fuskar kowace, domin ka ga inda ƙwallo ke samu. Ka buga goma da kowace. Kada ka kula da guda ɗaya da ya fi nisa, shi ne mayaudari. Ka ƙirga nawa ne suka sauka inda za ka iya bugun na biyu ba wahala. In sabuwa ba ta fi tsohuwa ba a wannan ƙirga, mayar da kuɗinka aljihu, ka ba ƙwararren kulob wani abu daga ciki ya duba maka yadda kake riƙo da tsayuwa. Sau da yawa laifin ba na sanda ba ne.

In kuwa sautu ne, Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, amma tun da aiken ya zama dole, kada ka fita gida sai ka sami amsar tambayoyi biyar. Da wane hannu yake bugu, dama ko hagu? Kada ka yi dariya, sandar bahago dabam take, kuma ba ta juyuwa. Wace lamba ce a ƙasan direbar da yake amfani da ita yanzu, wane harafi ne a ƙotarta? In ya kuskure, ina ƙwallon ke nufa, dama ko hagu, sama ko ƙasa? Nawa ne rangwamensa? Sa'an nan me ya sa yake son canzawa? In ya ce ya ga abokin wasansa da sabuwa ne, to ka lallashe shi cikin ladabi ya ari ta abokin ya buga zagaye guda tukuna. Mafi kyau ma, ya ɗauki hoton tsohuwar ta gaba da baya ya turo maka ta waya, ka nuna wa mai shago.

Wajen kai ta gida, a kwance kan da makulli a naɗe shi cikin tufafi, ƙotar kuma a sa ta cikin dogon kwali ko bututun roba, domin a wuya take karyewa in aka danne ta da kaya. In ta isa, a gaya wa mai ita kada ya bar ta a but ɗin mota a zafin Maris da Afrilu, domin zafi yana raunana gam ɗin da ya riƙe ƙota, yana kuma busar da mariƙi.

Ɗan'uwa mazaunin Kudu, kuɗin da za a sa a wannan sanda ya isa ya sayi buhunan hatsi masu yawa a gida, kuma wanda ya aiko ka ya san haka, ya dai amince da kai ne. In ka isa Bauci ya kwance kwali bai ga sunan da ake yayi ba, watakila ya ɗan ɓata fuska. Ka ba shi wata guda. Ranar da ya gama zagaye da ƙwallon da ya fara da shi, shi da kansa zai kira ka.